Wata Shidan Farko a Jamus: Jagora ga Iyalin da Suka Taso daga Amurka

Shekaru kaɗan da suka wuce wani iyali daga Kalifoniya, mata da miji da 'ya'ya biyu, suka kama hayar benen da ke saman namu a wani ƙaramin gari na bakin kogin Rhine. Maigidan aiki ya samu a wani kamfanin harhaɗa magunguna, uwargidan kuwa ta ajiye aikinta na koyarwa ta biyo shi. Ranar da suka sauka na taya su hawa da akwatuna, kuma a hirar da muka yi a bakin matakala maigidan ya ce mini ba ya jin za su sha wata wahala, tunda nan ma ta hannun dama ake tuƙi, kantuna duk iri ɗaya ne, kuma kusan kowa yana jin Ingilishi. Ban musa masa ba, domin baƙo ne kuma a gajiye yake, amma abin da ya zo mini a rai shi ne kama da wane ba ta wane. Wanda ya zo Jamus daga Kano ko Maraɗi ya san tun daga filin jirgi cewa komai sabo zai koya, saboda haka yana tambaya kafin ya ɗaga ƙafa. Ba'amurke kuwa kamannin ne ke yaudararsa, sai ya saki jiki, alhali akwai wa'adodi da suka fara ƙirgawa tun daga ranar da ya kwana a sabon gidansa.

Abin da ke biye shi ne matakan bisa jerin da ya kamata a bi su, kamar yadda na gan su a gidan maƙwabtan nan. Na rubuta shi ne domin farar hula. Iyalan sojojin Amurka da ke sansanoni irin su Ramstein, kusa da Kaiserslautern, suna ƙarƙashin wata yarjejeniya ta daban, har lasisin tuƙinsu ma rundunarsu ce ke ba su, don haka yawancin wannan bayani bai hau kansu ba.

Kafin a baro Amurka

Takardu su ne abin farko, domin Jamus ƙasa ce da ba ta yarda da maganar baki. A tanadi takardun haihuwar yara da takardar aure, kowace da hatimin tantancewa na ƙasa da ƙasa da ake kira apostille, wanda galibi ofishin sakataren jihar da ta bayar da takardar ne ke buga shi. A ɗauko katin rigakafin yara, domin tun watan Maris na 2020 doka ta wajabta a nuna shaidar allurar ƙyanda kafin a karɓi yaro a makaranta ko gidan renon yara. A haɗa da sakamakon karatunsu na shekarun baya.

Akwai wasu takardu biyu da kusan kowa ke mantawa da su, kuma nemansu daga nesa wahala ce. Ta farko ita ce tarihin tuƙi daga hukumar lasisi ta jihar mutum, wadda ke nuna shekarar da ya fara riƙe lasisi. Amfaninta shi ne lasisin Amurka sau da yawa ranar sabuntawa kawai yake nunawa, sai jami'in Jamus ya ɗauka mutum bai daɗe da koyon mota ba, ya saka shi cikin sababbin direbobi masu zaman gwaji na shekara biyu. Ta biyu ita ce wasiƙa daga kamfanin inshorar mota da ke bayyana shekarun da mutum ya yi ba tare da haɗari ba, domin wasu kamfanonin Jamus suna la'akari da ita su rage kuɗi, kuma ragin ba ƙarami ba ne.

Kayan lantarki kuwa, a bar mafi yawansu a can. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Jamus 230, kuma abin haɗa filogi da soket ba ya rage ƙarfin wuta, siffa kawai yake sauyawa. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗaukar duka biyun, kuma an rubuta haka a jikinsu, amma injin markaɗe da na busar da gashi da makamantansu ƙonewa suke yi nan take. Babbar motar gida ma ba na ba da shawarar a ɗauko ta, saboda tituna da garejin Jamus ba don irinta aka yi su ba. Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne haraji: Amurka tana bin ɗan ƙasarta da cike takardar haraji duk inda yake zaune a duniya, kuma idan kuɗin da ke asusunsa na ƙasashen waje ya haura dala 10,000 a jimlace, dole ya sanar da hukuma kowace shekara. Wannan ne ya sa wasu bankunan Jamus ke ɗari-ɗari da buɗe wa Ba'amurke asusu, saboda haka a tambaya tun kafin a je.

Mako biyu na farko

Mai fasfon Amurka yana iya shiga Jamus ba biza, ya nemi izinin zama daga ciki a cikin kwana 90, sai dai ba zai fara aiki ba sai an ba shi izinin. Amma kafin izinin zama akwai rajistar adireshi, wadda Jamusawa ke kira Anmeldung, kuma ita ce uwar sauran takardu. Doka ta ba da mako biyu daga ranar tarewa. Ana zuwa ofishin rajistar mazauna gari da fasfon kowa da kowa, har jariri, da wata takarda da mai gidan haya zai sa wa hannu yana tabbatar da cewa an tare. Yarjejeniyar haya ita kaɗai ba ta wadatarwa, don haka a nemi wannan takarda ranar da aka karɓi makulli. A manyan birane samun ranar ganawa yana ɗaukar lokaci, saboda haka a nema ta intanet tun ba a sauka ba.

A cikin fom ɗin akwai gurbin addini, kuma ba don ƙidaya kawai aka sa shi ba. Wanda ya rubuta cewa shi ɗan cocin Katolika ne ko na Furotesta, za a riƙa cire masa harajin coci, kashi 8 cikin ɗari na harajin albashinsa a jihohin Bavaria da Baden-Württemberg, kashi 9 a sauran. Musulmi ba ya cikin wannan tsari. Ba'amurke bai saba da gwamnati tana karɓar wa coci kuɗi ba, shi ya sa ya kamata ya san ma'anar gurbin kafin ya cike, kuma ya faɗi gaskiya.

Da an dawo gida, a rubuta sunan iyali a jikin akwatin wasiƙa da kuma kan ƙararrawar ƙofa. Wannan ƙaramin abu ne da ya jinkirta maƙwabtana kusan wata guda, domin gidajen bene a Jamus galibi ba su da lambar ɗaki, da suna masinja ke raba wasiƙu, kuma uwargidan ba ta amfani da sunan mijinta, sai wasiƙunta suka riƙa komawa inda suka fito. Ta wannan akwati ne lambar haraji za ta zo, da katin banki, da katin inshorar lafiya wadda wajibi ce a kan duk mazaunin ƙasar, da kuma takardar kuɗin kafafen yaɗa labarai na gwamnati, yuro 18.36 a wata ga kowane gida, ko da talabijin ko babu.

Lasisi da titi

A nan ne ya kamata a fi nutsuwa. Lasisin Amurka yana aiki na wata shida kacal daga ranar da mutum ya zama mazaunin Jamus. Wanda zai iya nuna hujjar cewa zamansa ba zai wuce shekara ɗaya ba yana iya neman ƙarin wata shida, amma sai ya nema kafin na farkon su cika. Bayan wa'adin, duk wanda ya tuƙa mota da lasisin Amurka, a idon doka daidai yake da wanda bai taɓa mallakar lasisi ba, kuma wannan laifi ne na kotu da ke iya kai wa ga tara mai nauyi ko ɗaurin da ya kai shekara guda, ban da rigimar da inshora za ta tayar idan an yi haɗari.

Yadda za a musanya lasisin ya danganta ne da jihar da ta bayar da shi, domin Jamus da wasu jihohi ɗaiɗaiku ta yi yarjejeniya, ba da Amurka gaba ɗaya ba. Mai lasisin Teksas ko Ohio ko Michigan ko Pennsylvania ba ya yin wata jarrabawa, takardu kawai zai miƙa. Mai na Fulorida ko Oregon ko Minnesota zai yi ta rubutu kawai. Mai na Kalifoniya ko Niyok kuwa sai ya yi duka biyun, ta rubutu da ta tuƙi, daidai da wanda ya zo da lasisin Najeriya. Maƙwabcina ya ji zafin wannan ƙwarai, domin abokin aikinsa ɗan Teksas cikin 'yan makonni ya karɓi nasa, shi kuwa da ya shekara ashirin yana tuƙi a manyan titunan Los Angeles sai da ya koma gefen malamin koyar da mota.

Shawarata ita ce a miƙa takardu ga ofishin lasisi a cikin wata na farko ko na biyu, domin tantancewa kawai tana iya cin makonni. Ana buƙatar fasfo, da takardar rajistar adireshi, da hoto, da lasisin asali tare da fassararsa, wadda ƙungiyar direbobi ta ADAC ke yi. Wanda zai yi jarrabawa ana kuma neman ya kawo shaidar gwajin ido da ta kwas ɗin taimakon gaggawa, wanda ake gamawa a yini ɗaya. Ba a tilasta masa adadin darussan da ake ɗora wa sabon ɗalibi ba, amma sai ta hannun makarantar tuƙi zai shiga jarrabawar titi. Ta rubutu ana iya yinta da Ingilishi: tambaya 30 ce, kuma makin kuskure ba zai wuce 10 ba. Ta titi kuwa da Jamusanci mai jarrabawa zai ba da umarni, saboda haka a haddace kalmomin dama da hagu da miƙewa da juyawa tun da wuri. A tattauna da makarantar kan batun giya: wanda ya ci jarrabawa da mota mai canza giya da kanta za a taƙaita masa lasisi a kan irinta, sai dai idan ya yi darussa goma da mai kuloci a ƙarƙashin tsarin B197 da aka fara a watan Afrilun 2021. Ranar karɓar lasisin Jamus za a karɓe na Amurka.

Ko wanda jiharsa ta tsallakar da shi daga jarrabawa, ina roƙonsa ya biya kuɗin darasi biyu ko uku, domin takarda ba ta sauya ɗabi'ar ƙafa. Dokar da ta fi kama Amurkawa ita ce ta na dama kafin na hagu. A duk mararrabar da ba fitila ba allo, motar da ta fito daga hannun damanka ita ke da hanya, ko da ɗan lungu ta fito kai kuma kana kan titin da ya fi faɗi. Wanda ya taɓa tuƙi a Yamai ko Damagaram ya san wannan doka, tunda irinta ce aka gada daga Faransa, amma Ba'amurke ya saba da mararraba mai allon tsayawa ta kowace kusurwa, inda wanda ya riga isowa ke fara wucewa. Ina cikin motar uwargidan wata safiya, muna cikin unguwar da gudu ba ya wuce kilomita 30, sai wata dattijuwa a kan keke ta fito daga dama ba ta ko waiwaya ba, domin ta san hanya tata ce. Allah ya kiyaye, birki ya kama, amma uwargidan sai da ta gangara gefe ta kashe mota, hannuwanta na rawa a kan sitiyari. Alamar da ke ɗauke wa direba wannan doka ita ce allo mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsini, rawaya a tsakiya da farin baki, wanda ke nuna titin da kake kai shi ke da fifiko.

Ta biyu ita ce jar fitila. A yawancin jihohin Amurka ana iya shan kwanar dama a kan ja bayan an tsaya, a Jamus kuwa haramun ne, sai inda aka liƙa ɗan allo mai koren kibiya a gefen fitilar, kuma a nan ma sai mota ta tsaya cik. Fitilun kansu a bakin layin tsayawa suke, ba a tsallaken mararraba ba, don haka wanda ya zarce layi ba zai ga lokacin da aka ba shi hannu ba. Kafin kowace kwana a juya kai a duba ta kan kafaɗa saboda masu keke, kuma rashin yin haka yana kayar da mutane da yawa a jarrabawa. Idan za a wuce mai keke a bar tazarar mita ɗaya da rabi a cikin gari, mita biyu a wajen gari. A shataletale ba a kunna sigina wajen shiga, sai wajen fita.

Iyakar gudu ba koyaushe ake rubuta ta da lamba ba. Allon rawaya mai ɗauke da sunan gari shi kansa umarni ne cewa daga nan kilomita 50 ce, wato kimanin mil 31, idan kuma aka ga sunan an ja masa jan layi, an koma kilomita 100. Kyamarorin kama masu gudu suna ko'ina, wasiƙar tara kuma har gida take zuwa da hoton direba. Manyan laifuka ana rubuta wa mutum maki a rajistar da ke Flensburg, kuma da ya kai 8 an ƙwace lasisi.

Babbar hanyar Autobahn, wadda kowa ke tsoro, a ganina ta fi cikin gari sauƙi idan an kiyaye abu huɗu. A zauna a layin dama, a shiga na hagu don wucewa kawai a dawo. Kada a taɓa wuce mota ta hannun dama. A bar tazarar da ta kai rabin lambar gudu a mita, wato mita 60 ga mai gudun 120, kuma sandunan gefen hanya da ke tsaye kowace mita 50 su ne ma'auni. Idan cunkoso ya fara, tun ba a ji jiniya ba, motocin layin hagu su raɓe hagu, sauran duka su raɓe dama, a bar wa motar asibiti hanya a tsakani. Inda babu iyaka, gudun da hukuma ta shawarta shi ne 130, kuma kafin a fita zuwa layin hagu a duba madubi sau biyu, domin motar da ke can nesa kamar ɗigo tana iya kasancewa tana gudun 200.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma kowanne yana da tara. Dole mota ta kasance da alwatikan gargaɗi, da akwatin taimakon gaggawa, da riga mai ƙyalli. Idan akwai ƙanƙara a titi sai da tayoyin hunturu masu tambarin dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara. Yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 150 ba sai a kujerar yara. A gidan mai, mutum shi ke zuba wa kansa sannan ya shiga ya biya, da lita ake sayarwa, galan ɗaya na Amurka kuwa lita 3.8 ne. A karanta rubutun famfo kada a bi launi, domin koren hannu a Amurka sau da yawa dizal ne, a nan kuwa akasin haka ake yawan samu.

Gida da maƙwabta

Gidan haya a Jamus sau da yawa babu komai a kicin ɗinsa, ba kabad ba murhu ba wurin wanke-wanke, sai bututu a jikin bango, wani lokaci har fitilun rufi mai fita ya kwance ya tafi da su. A tambaya kafin a sa hannu. Kuɗin jingina ba ya wuce hayar wata uku ba tare da kuɗin ɗumama da ruwa ba, kuma doka ta yarda a biya shi kashi uku. Ranar karɓar makulli a zagaya da mai gida a rubuta duk wata ɓaraka, a ɗauki hoto. A riƙa buɗe tagogi gaba ɗaya na 'yan mintoci safe da yamma ko da sanyi, domin gidajen ba su da na'urar juya iska irin ta Amurka, kuma idan bango ya yi funfuna ana iya ɗora wa mai haya laifi.

Lahadi kantuna a rufe suke, in ban da na gidajen mai da manyan tashoshin jirgin ƙasa da wasu gidajen burodi da safe, don haka cefanen ƙarshen mako ranar Asabar ake gama shi. Ranar Lahadi kuma ba a yanke ciyawa da inji, ba a huda bango, haka ma kullum daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Shara kala-kala ce: takarda daban, robobi da gwangwanayen kaya daban, ragowar abinci daban, kwalabe kuma bisa launinsu a manyan akwatunan unguwa. Gorar ruwa mai tambarin jingina ba a yar da ita, ana mayar da ita injin kanti a karɓi santi 25. A kanti mutum shi ke zuba kayansa a jakar da ya zo da ita, da sauri kuma, sannan a riƙe tsabar kuɗi domin har yanzu akwai wuraren da ba sa karɓar kati. Iyalin da ke Musulmi su haddace kalmar Schwein, wato alade, su kuma nemi kantunan Turkawa don naman yanka.

Idan maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce an zuba kwali a mazubin da ba nasa ba, ba gaba yake nema ba. Bajamushe yana faɗin magana ne ba tare da ya naɗe ta a ganye ba, kuma dattijon da ya fara yi wa maƙwabtana irin wannan gyara shi ne daga baya ya koya wa ɗansu gyaran keke. Lambar gaggawa 112 ce, ta 'yan sanda 110, ta likitan da ke aiki bayan an tashi kuwa 116117.

Makaranta

Zuwa makaranta tilas ne daga kimanin shekara shida, kuma koyar da yaro a gida, wanda ya halatta a Amurka, a nan doka ta hana. Ba a kuma cire yaro kwana biyu kafin hutu don a samu tikitin jirgi mai araha. Firamare shekara huɗu ce a yawancin jihohi 16 na ƙasar, shida a Berlin da Brandenburg, daga nan ake raba yara zuwa makarantu iri-iri. Wanda ya zo da yaro ɗan shekara tara ya san ke nan lokaci ya ƙure masa, ya zauna da malamar aji tun makon farko a kan ƙarin darasin harshe. Idan zaman shekara biyu ne kuma yaran sun girma, makarantar ƙasa da ƙasa ta fi dacewa duk da tsadarta. Ƙanana kuwa makarantar unguwa ta fi musu, za su tafi da ƙafa tare da sa'o'insu, kuma kafin shekara ta zagayo su ne za su riƙa gyara wa iyayensu lafazi.

Harshe

Wanda ya fi kowa buƙatar Jamusanci a gidan shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Maigidan a ofis da Ingilishi yake aiki, yara makaranta ta ɗauke musu nauyi, amma uwargidan ita ce ke fuskantar mai gyaran famfo da sakatariyar likita da taron iyayen yara da wasiƙun hukuma. Doka ba ta neman shaidar harshe daga matar mai shuɗin katin ƙwararru na Tarayyar Turai kafin ta shigo, kuma wannan sauƙi yakan zama tarko, domin abin da ba a tilasta ba ana ta ɗaga shi. A watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, na ga yadda kaɗaici ya rufe maƙwabciyarmu har ta daina fita sai dole, kuma abin ya dame mu ni da maiɗakina ƙwarai.

A yi rajistar aji a cikin watan farko, aji na zahiri mai malami da abokan karatu, domin manhajar waya ba ta fitar da mutum daga gida. Kusan kowane gari yana da makarantar manya ta Volkshochschule mai sauƙin kuɗi, manyan birane kuma suna da cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe. Kwas ɗin sajewa da gwamnati ke tallafawa darasi 700 ne, 600 na harshe har zuwa matakin B1, sauran 100 kan dokoki da tarihin ƙasar. B1 shi ne matakin da mutum ke iya tsayawa da ƙafarsa a ofis da asibiti, shi ya kamata a sa a gaba.

Kafin nahawu ya zauna, a fara da abin da ke jawo asara. Lambobi a juye ake faɗinsu, 21 ita ce ɗaya da ashirin, saboda haka a riƙa neman a rubuta lambar waya ko farashi. Halb drei ba uku da rabi ba ce, biyu da rabi ce, wato rabin hanya zuwa uku, kuma wannan ya sa maƙwabciyata ta makara da awa guda wajen likitan haƙori. Kwanan wata rana ce ke gaba, don haka 3.4. uku ga Afrilu ne. Waƙafi ke raba yuro da santi, kuma hawa na ɗaya shi ne wanda Ba'amurke ke kira na biyu. Kowane suna a koye shi tare da jinsinsa, der ko die ko das. Mu da muka tashi muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya, wannan bai zame mana baƙo ba, amma mai Ingilishi sai ya horar da kunnensa daga tushe. Haka kuma bambancin du da Sie, wanda ya yi kama da yadda muke ce wa babba ku maimakon kai: duk baligin da ba a saba da shi ba Sie ne tare da sunan iyalinsa, har sai shi da kansa ya ba da izinin a sauko.

Babban cikas shi ne kirkin Jamusawa, domin da sun ji lafazin Amurka sai su juya zuwa Ingilishi. Jimla ɗaya ce maganinsa, a faɗe ta da murmushi: Bitte auf Deutsch, ich lerne noch, wato don Allah da Jamusanci, ina kan koyo ne. A zaɓi wuri guda da ba za a taɓa yin Ingilishi ba, kamar gidan burodin unguwa, sannan a ƙara wani bayan mako biyu. A gaida mutane idan an shiga ɗakin jiran likita ko ƙaramin kanti, a yi sallama idan za a fita. A shiga wata ƙungiyar gari, ta wasanni ko ta lambu ko ta iyayen yara, domin a can ake ƙulla abota, a hankali amma mai ɗorewa. Kada kuma a mayar da yaro tafinta a gaban likita ko jami'in hukuma, nauyin ya fi ƙarfin shekarunsa.

Waya ita ce matakin ƙarshe, tunda ba fuska ba hannu da za a karanta. Dabarar da maiɗakina ta koya wa maƙwabciyarmu ita ce ta rubuta jimlolinta uku a takarda kafin ta buga, ta fara da faɗin sunan iyalinta kamar yadda ake yi a nan, ta ajiye kalanda a gabanta, kuma idan an ba ta rana da lokaci ta maimaita su lamba bayan lamba har sai an ce mata haka ne. Da wannan takarda a hannu ta kira makarantar tuƙi a wata na shida ta karɓi ranar jarrabawarta, saura mako uku wa'adin lasisinta ya cika.